Kowa Ya San Halin Mutum, Sai Wanda Ya Je Karanta Shi

Babu wanda zai tsaya gaban gadar da ta tsage ya ce shi zai gyara ta alhali bai taɓa karanta aikin injiniya ba. Babu kuma wanda zai ce a miƙo masa wuƙa ya yi wa mara lafiya tiyata don kawai yana da tausayi. Amma a kawo maganar halin ɗan Adam, nan take dukanmu mu zama malamai. Mun san abin da ya sa wance ta kasa zaman aure, mun san dalilin da ya sa yaron maƙwabta ya faɗa shaye-shaye, mun san wane girman kai ke damunsa, wane kuma hassada ce. Ba mu taɓa ɗaukar alƙalami a kan ko ɗaya ba, amma ba ma kokwanto.

Shi ya sa idan yaro ko yarinya suka ce ilimin halayyar ɗan Adam za su karanta a jami'a, abu biyu suke gamuwa da shi. Wasu su ce, "To karanta mini abin da ke zuciyata mu gani." Wasu kuma, musamman iyaye, su yi shiru, su ɗauka yaron ya tsere wa likitanci ne ya nemi mai sauƙi. Shi kansa ɗalibin sau da yawa da irin wannan zato yake shiga. Yana tsammanin hira ce za a sha a kan mafarki da soyayya da sirrin zukata. Sai ya tarar da ilimin ƙididdiga yana jiran sa a bakin ƙofa, da sunayen sassan ƙwaƙwalwa, da yadda saƙo ke tsallakawa daga jijiya zuwa jijiya, da dabarun tsara bincike. Wanda ya gudo daga lissafi ya sake cin karo da shi a inda bai zata ba, kuma ba zai rabu da shi ba har ranar da zai kare kundin bincikensa a shekara ta huɗu.

Tambayar da ke damunmu ita ce: wannan wahala ta mece ce? Kuma adalci ne a ɗora ta a ƙasar da masu ciwon zuciya da tunani suka yi yawa, masu kula da su kuwa ba su taka kara sun karya ba?

A shekarar 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 wani gwaji na tantance hali. Bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda, ya ce ga bayanin halinka kai kaɗai, ka auna ka ga yadda ya dace da kai, daga sifili zuwa 5. Da aka haɗa makin da suka bayar, ya kai kusan 4.3. Kowa ya ji an tono shi. Sai daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma jimlolin daga wani littafin duban taurari ya tsinto su. Maganganu ne irin waɗanda suka dace da kowa: cewa mutum na son a so shi, cewa wani lokaci yana shakkar shawarar da ya yanke, cewa yana da baiwar da bai gama amfani da ita ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban boka ko mai duba ya san wannan ɗanɗano, na jin an faɗi abin da ke ranka. Abin da Forer ya nuna wa ɗalibansa shi ne cewa jin "wallahi haka ne" a zuciya ba hujja ba ne.

A nan asalin wuyar karatun take. Ɗalibin ilimin sinadarai yakan shigo aji da kai wayam, a zuba masa. Ɗalibin halayyar ɗan Adam kuwa da kai cike yake shigowa, cike da abin da ya tara tun yana goye, kuma dole a fara sauke masa wannan kaya kafin a ɗora wani. Sauke kaya ya fi ɗauka ciwo, domin kayan nan su ne ra'ayinsa a kan uwarsa da ubansa da shi kansa.

Ƙididdigar da ɗalibai ke kuka da ita, aikinta ke nan. Mu ɗauki misali ɗaya. Mutum ba ya neman magani sai ciwo ya kai masa maƙura. Daga maƙura kuwa yawanci sauka ake yi, ko an sha magani ko ba a sha ba. Saboda haka duk wanda aka je wurinsa a wannan lokaci, likita ne ko malami ko mai saiwa ko ƙawar da ta iya lallashi, zai ga mutum ya samu sauƙi bayan 'yan makonni, kuma zai yarda har cikin ransa cewa hannunsa ne. Ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya gani ya faɗa. Sai dai bai ga waɗanda suka warke ba tare da sun zo wurinsa ba, bai kuma ga waɗanda suka zo sau ɗaya suka tafi suka ƙara lalacewa ba, domin su ba sa dawowa godiya. Hanya ɗaya ce ta rarrabe aikin magani da aikin lokaci: a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan, a bar waɗancan, a jira, a ƙirga.

An taɓa yin haka, kuma sakamakon har yau yana hana masana barci. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville da ke jihar Massachusetts ta Amurka, domin kare yara maza na unguwannin talakawa daga lalacewa. Yara sama da 500 aka haɗa bibbiyu, masu kama da juna, aka jefa ƙuri'a. Rabi aka ba su masu ba da shawara da ke ziyartar su a gida, aka taimaka musu da karatu, aka kai su asibiti, aka tura wasu sansanin hutu. Kimanin shekara biyar ana yi. Ɗaya rabin kuwa aka bar su yadda suke. Bayan shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawun mutanen nan, ta wallafa abin da ta samu a 1978. Waɗanda aka taimaka wa sun fi maimaita laifi, sun fi faɗawa shan giya, sun fi mutuwa da wuri. Abin da ya fi ɗaure kai, da aka tambaye su, mafi yawansu cewa suka yi shirin ya amfane su, suna tuna masu ba su shawara da alheri.

A tsaya a dubi wannan da kyau. Masu taimakon mutanen kirki ne. Waɗanda aka taimaka wa sun gode. Da ba a ajiye wancan rabin ba, da an rubuta shirin cikin nasarori, da an kwaikwaye shi a ko'ina. Mu da muka tashi da yaƙinin cewa kyakkyawar niyya ta isa, wannan labari yana da ɗaci. Niyya tana wanke mai ita a gaban Ubangijinsa, amma ba ta tabbatar da cewa yaron da aka taɓa ya amfana. Idan mutum zai sa hannu cikin rayuwar wani da sunan gyara, to akwai haƙƙi a wuyansa na ya san yadda ake gane ko gyaran yake yi ko ɓarna. Darasin ƙididdiga na ƙarfe takwas na safe, wanda ɗalibai ke gyangyaɗi a cikinsa, darasin riƙon amana ne, ko da malamin da ke koyar da shi bai taɓa faɗa musu haka ba.

Akwai wata wahalar da ba a rubuta ta a jadawalin kwasa-kwasai. Da yawa daga masu zaɓar wannan fanni da mikinsu suke zuwa. Wata ta tashi a gidan da uwa ke kwana kuka ba a san dalili ba. Wani yana da yaya da aka ɗaure a ɗaki. Idan aka zo darasin cututtukan ƙwaƙwalwa, ana karanto alamomi a allo, su fuskoki suke gani. Mai karanta ilimin duwatsu yana rufe littafi ya bar dutse a ciki. Wannan kuwa littafin ne ke bin sa gida, ya zauna da shi a kan tabarmar cin abinci. Sannan ga jarabar da ke biyo baya, ta fara liƙa wa kowa suna: baba kaza ne, kishiyar mama kaza ce. Koyon kame baki daga wannan, da sanin cewa kwas ɗaya bai ba ka ikon yanke wa mutum hukunci ba, shi ma wani karatu ne, kuma wasu har su gama ba su ci shi ba.

Sai kuma ƙasar da ake tsaye a kanta, wadda ba ta daina motsi. Fannin yaro ne a cikin ilimomi. Daga 1879 ake ƙirga shekarunsa, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus, kodayake tunani a kan lafiyar rai ya girmi haka nesa ba kusa ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. A 2015 wasu masana suka haɗu suka maimaita bincike 100 da aka wallafa a manyan mujallun fannin. A asali 97 daga ciki sun ce sun gano wani abu tabbatacce. Da aka sake, wajen 36 ne kawai suka tsaya. Ɗalibin da ya haddace wani gwaji a shekarar farko yana iya jin an rushe shi kafin ya kai ta huɗu. Wasu na ɗaukar wannan abin kunya ne ga fannin. Mu a ganinmu ilimin da ke iya tsayawa ya binciki kansa a bainar jama'a ya fi wanda bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Amma dai zama ɗalibi a irin wannan gida akwai gajiya.

Ga ɗalibinmu na nan kuma akwai ƙarin kaya. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ja hankalin duniya ga cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Wato "ɗan Adam" ɗin da ke cikin littafin, sau da yawa ɗan shekara ashirin ne a wata jami'ar Amurka. To yaya za a yi da uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane? Mai auna ta da ma'aunin can zai rubuta cewa babu shaƙuwa. Mu mun san kunya ce, mun kuma san irin son da ke ƙarƙashinta. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba, a wani littafin alamar damuwa ce, a gidanmu tarbiyya ce. Sannan mara lafiya ba zai zo da kalmar da ke littafi ba. Cewa zai yi kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko tunani ya yi masa yawa. Ɗalibin zai karanta da Turanci, ya ci jarrabawa da Turanci, sannan ya saurari kuka da Hausa. Fassarar da ke tsakani shi kaɗai aka bar wa, ba a koya masa ita, ba a kuma ba shi maki a kanta.

Duk wannan wahala ce mai dalili. Amma kada mu yaudari kanmu, ba ita kaɗai ɗalibi ke sha ba. Tun 1964 aka buɗe sashen farko na wannan fanni a Nijeriya, a jami'ar Nsukka, amma har yau akwai inda ake koyar da gwaji ba ɗakin gwaji, a haddace matakan Freud a zazzage su a takarda a manta. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata takwas cur. Ga aji mai ɗaruruwan mutane, ga kundin bincike da ke kwana wata da watanni a teburin mai duba shi. Wannan ba ta gyara kowa. Abin takaicin shi ne yadda muke cakuɗa su biyun, mu kira su duka "horo". Wanda ya sha wuya ya fita, idan ya zama malami, sai ya ce ai mu ma haka muka sha.

Fannin da kansa ya bayyana wannan ɗabi'a. A 1959 Elliot Aronson da Judson Mills suka gayyaci ɗalibai mata shiga wata ƙungiyar tattaunawa. Wasu aka sa su karanta kalmomin kunya da ƙarfi kafin a karɓe su, wasu aka karɓe su cikin sauƙi. Sannan aka kunna wa kowa tattaunawa guda, wadda da gangan aka yi ta lami, ba daɗi ba ma'ana. Waɗanda suka sha kunya kafin shiga su suka fi yaba ta. Zuciya ba ta son ta yarda ta wahala a banza, sai ta ƙara wa abin daraja don wahalar ta samu dalili. Duk lokacin da muka ji kanmu muna kare wata wahala don kawai mun sha ta, ya kamata mu tuna da 'yan matan nan.

Yanzu ga ƙalubalen da ya fi nauyi. Digirin farko ba ya mai da mutum mai duba marasa lafiya. Bayan shekara huɗu da bautar ƙasa, sai ya koma digiri na biyu a ɓangaren asibiti, ya yi aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru. A Amurka sai ya kai digirin digirgir, da shekara guda ta horo a asibiti, da jarrabawar lasisi. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kacal, wasu ma na ficewa waje, wa zai jira duk wannan? Mun ga abin da ke cike gurbin. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba duka ne mugaye ba. Da yawa sun rasa inda za su ne. Mai cewa a tsawaita karatu don kare marasa lafiya, sai ya amsa tambayar waɗanda tsawon karatun ya bari ba kowa.

Kuma akwai shaidar cewa ba kullum ake buƙatar digiri ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Ciwon ma da sunan da mutane suka sani suke kiran sa, kalmar Shona mai nufin yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Tun kafin wannan, a 1954, Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, har yana aiki tare da masu maganin gargajiya. To idan kaka za ta iya, me ya sa za a tsare yarinya shekara bakwai tana fama da lissafi?

Amsarmu ita ce a duba yadda aka san kakannin sun iya. An gwada ne. An raba mutane 573 gida biyu, wasu suka yi zama shida a kan benci, wasu aka ba su kulawar da aka saba, aka auna su bayan wata shida, aka wallafa sakamakon a 2016. Ya nuna bencin na aiki. Da ya nuna akasin haka, kamar na yaran Massachusetts, da an sani an daina. Wani ne ya tsara wannan gwaji, wani ya horar da kakannin, wani ke karɓar wanda ciwonsa ya fi ƙarfin benci, kamar mai neman hallaka kansa. Waɗannan su ne mutanen da doguwar hanyar ke samarwa. Ba ma buƙatar kowane mai sauraro ya yi digiri. Muna buƙatar a bayan kowane ɗari na masu sauraro a samu wanda ya san yadda ake gane cuta daga magani. Idan aka sauƙaƙa nasa karatun don a cike gurbi da wuri, an samu ƙarin masu takarda, an rasa mai ƙirga. Wayoyinmu kuwa sun riga sun cika da masu raba wa mutane sunayen cututtuka a bidiyon minti ɗaya, suna gaya wa mace mijinta kaza ne ba su taɓa ganin sa ba.

Ba muna cewa takarda kariya ce ba. A shekarun 1980 da 1990 masu lasisi ne a Amurka suka riƙa "tono" wa mutane tunanin cin zarafin da suka ce an binne tun yarinta, gidaje suka watse, wasu iyaye suka tsaya gaban kotu. Sai da Elizabeth Loftus ta nuna a 1995 cewa ana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai faru ba: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ta gwada sun "tuna" sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara, alhali labarin ƙirƙira ne. Masu digiri ne suka yi ɓarnar, mai digiri ce ta kama su, da kayan aikin da aka koya musu duka a aji ɗaya. Wasu sun riƙe, wasu sun ci jarrabawa sun ajiye.

Akwai kuma abin da jarrabawa ba ta kai gare shi. Ba a auna iya riƙe sirri a takarda. Ba a auna haƙurin zama da mai kuka ba tare da gaggawar yi masa wa'azi ba. A garin da kowa ya san kowa, inda mai ba da shawara zai haɗu da surukar mara lafiyarsa a gidan biki, wannan ya fi kowace ƙididdiga wuya. Ana koyon sa ne kawai a gefen wanda ya iya, a ɗakin duba marasa lafiya, shekara da shekaru, kuma irin waɗannan wurare da irin waɗannan malamai su ne suka fi ƙaranci a wurinmu.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon mara lafiya a matsayin wanda za a tsare kawai. Sabuwar ta yi maganar haƙƙinsa da yardarsa da kula da shi a cikin al'umma. Masu aiwatar da ita suna aji yanzu, a Jos da Nsukka da Ibadan da sauran wurare, wasu na maimaita kwas ɗin ƙididdiga karo na biyu, ana tambayar su a gida wai wane aiki ake samu da wannan karatu.